Henry Grattan Guinness, Mai Jiran Zuwan Ubangiji (1835–1910)

A karanta tukuna: Daniyel 12, Matta 24:3-14 da 36-47, Ayyukan Manzanni 1:6-11, Ru'ya ta Yohanna 20.

Babu surar da ta kan ta da gardama a ajin Littafi Mai Tsarki kamar sura ta 20 ta Ru'ya ta Yohanna. Mun zauna da dattawa da matasa a garin Lafiya da ƙauyukan da ke kewaye da shi, mun ga yadda 'yan'uwa masu ƙaunar juna su kan ɗaga murya a kanta, har a tashi ba a yi addu'a da zuciya ɗaya ba. Wani ya ce Kristi zai dawo tukuna, sa'an nan ya yi mulki shekara dubu a duniya. Wani ya ce ai muna cikin mulkin tun yanzu. Wani kuma ya fito da ƙasida daga aljihu, an rubuta shekarar da duniya za ta ƙare. Saboda haka, kafin mu bi surar aya aya, mun ga ya kamata mu ba da labarin wani mutum wanda ya yi shekaru fiye da 30 yana binciken waɗannan al'amura. Bai yi aiki a ƙasar nan ba, amma daga gidansa ne hanya ta taso wadda ta kawo bishara bakin Binuwai, har ta iso ƙasar Lafiya.

Asalinsa da kiransa

An haifi Henry Grattan Guinness ran 11 ga Agusta 1835, kusa da birnin Dablin a ƙasar Ailan. Kakansa, Arthur Guinness, shi ne ya kafa gidan yin giyar nan ta Guinness a 1759, wadda har wa yau a ke ganin sunanta a kasuwanninmu. Amma Henry bai shiga wannan sana'a ba. Ubansa hafsan soja ne wanda ya yi aiki a Indiya. Uwarsa kuwa ta ɗanɗana baƙin ciki tun da ƙuruciya, gama a 1815 aka harbe mijinta na fari a irin faɗan nan da manyan mutanen zamanin su kan yi, inda mutum biyu su kan tsaya su harbi juna domin kare mutunci. Cikin zaman gwaurancinta ta juyo wurin Allah, ta kuma goyi 'ya'yanta cikin tsoronsa.

Sa'ad da Henry ya kai shekara 17 sai ya shiga aikin jirgin ruwa, ya kai har ƙasar Meziko. Bayan komowarsa gida a 1853 ya ba da gaskiya ga Kristi. A 1856 ya shiga makarantar tauhidi a Landan, amma bai gama ba, domin zuciyarsa tana waje, wurin talakawan da ba su zuwa sujada. A 1857 aka keɓe shi mai bishara. Ya yi wa'azi a fili da cikin manyan ɗakunan taro, a Ingila, da Ailan, da Amurka, da Kanada, mutane dubbai suna taruwa su ji shi. Yana cikin waɗanda Allah ya mora a babbar farkawar da aka yi a arewacin Ailan a 1859.

A 1860 ya auri Fanny Fitzgerald, marainiya wadda waɗansu masu ibada suka goya. Ba za a iya ba da labarin aikinsa ban da ita ba. Ita ce mai lura da lissafin kuɗi, da wasiƙu, da mujallar da su ke bugawa, har ma tare suka rubuta waɗansu littattafansa.

Makarantar ma'aikata

A 1866 Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan na tsakiyar ƙasar Sin, ya zo Dablin ya yi magana da samarin da Guinness ya ke koya wa Littafi a gidansa. Waɗansu daga cikinsu suka tashi zuwa Sin. Guinness ma ya miƙa kansa, amma Taylor ya ba shi shawara ya zauna ya shirya waɗansu domin tafiya. Shawarar ba ta faɗi ƙasa banza ba. A 1873 shi da matarsa suka buɗe makarantar horon masu bishara a gabashin Landan, unguwar matalauta, ba da daɗewa ba kuma suka ƙaura da ita zuwa wani gida mai suna Harley House.

Ba a neman babbar takardar ilimi kafin a karɓi ɗalibi, ba a kuma tambayar ɗarikarsa. Masassaƙi da magini da akawu su kan zauna benci ɗaya. Su kan yi karatu, su yi aikin hannu, su fita wa'azi cikin lungunan unguwa. Maza da mata fiye da 1,300 suka fito daga makarantar nan, suka bazu cikin duniya ƙarƙashin mishan dabam dabam. A 1878 Guinness da abokansa suka aiki mutane na fari zuwa kogin Kwango, inda zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu tun ba su iya harshen ƙasar sosai ba. Shi da kansa ya buga littafin nahawun harshen Kwango a 1882 domin taimakon masu tafiya.

Me ya sa irin wannan gaggawa? Ya karanta Matta 24:14, inda Ubangiji ya haɗa wa'azin bishara ga dukan al'ummai da zuwan matuƙa, ya kuwa gaskata lokacin ya yi kusa. A shekarar nan ta 1878, da ya aiki mutane Kwango, a cikinta ne ya buga babban littafinsa na annabci. Aikin biyu daga tushe ɗaya suka tsiro.

Ra'ayi uku a kan shekara dubu

Domin mu gane inda Guinness ya tsaya, sai mu san gardamar da ya tarar. An ambaci shekara dubu sau 6 cikin Ru'ya ta Yohanna 20:2-7, ba a kuwa ambace ta haka a wani wuri cikin Littafi Mai Tsarki ba. Masu bi sun fahimce ta ta hanya uku.

Na fari sun ce Kristi zai dawo kafin shekara dubun. Masu bi da suka mutu za su tashi cikin jiki, shi ne tashi na fari. Za a ɗaure Shaiɗan, Kristi ya yi mulki a bisa duniya tare da tsarkakansa, bayan haka sauran matattu su tashi domin shari'a. Wannan ra'ayi tsoho ne ƙwarai. Yustinu, wanda aka kashe a Ruma saboda bangaskiya wajen shekara ta 165, ya riƙe shi, haka kuma Irenayus. Amma Yustinu da kansa ya yarda akwai Kirista na gaske da yawa a zamaninsa waɗanda ba su ga haka ba.

Na biyu sun bi Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya mutu a 430. Da fari shi ma yana kan ra'ayi na fari, daga baya ya bar shi. Ya koyar cewa dubu lamba ce ta cika, tana nufin dukan zamanin da ke tsakanin zuwan Kristi na fari da na biyu. Tashi na fari shi ne sabuwar haihuwa, sa'ad da mai zunubi ya ratse daga mutuwa zuwa rai, kamar yadda Yohanna 5:24-25 ya nuna. An riga an ɗaure Shaiɗan har ya kasa hana bishara shiga cikin al'ummai. Tashin jiki kuwa sau ɗaya ne, na masu adalci da marasa adalci tare, bisa ga Yohanna 5:28-29.

Na uku sun ce bishara za ta yi ta cin nasara har duniya ta shiga dogon zamani na salama da adalci, sa'an nan Kristi ya zo a ƙarshensa. Jonathan Edwards na Amurka, wanda ya mutu a 1758, yana cikin masu wannan bege.

Mu da mu ke aikin juya Littafi mun san inda gizo ke saƙa. Kalmar Helenanci guda ɗaya ce aka mora a aya ta 4 da ta 5, ma'anarta kuwa su rayu. Masu ra'ayi na fari sun ce tun da ya ke a aya ta 5 tashin jiki a ke nufi, ba shi yiwuwa kalmar ta sāke ma'ana a aya ta 4. Masu ra'ayi na biyu sun amsa cewa a Yohanna 5 Ubangiji ya yi zancen rai na ruhu da tashin jiki cikin numfashi ɗaya. Mai juyi ba shi da iko ya sa nasa ra'ayi cikin ayar. Wajibi ne ya bar ta kamar yadda Yohanna ya bar ta, mai karatu ya auna.

Guinness yana cikin masu ra'ayi na fari, amma su ma sun rabu biyu a zamaninsa. John Nelson Darby, wanda ya mutu a 1882, ya koyar cewa yawancin Ru'ya ta Yohanna bai cika ba tukuna. Za a fyauce Ekklesiya, sa'an nan shekara 7 na babban ƙunci su biyo. Wannan koyarwa ta bazu ta wurin Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda aka buga a 1909, ita ce kuma yawancinmu muka fi ji a wa'azi. Guinness ya ƙi ta. A ganinsa Daniyel da Ru'ya ta Yohanna kamar taswira su ke ta dukan tarihi, tun daga Babila har zuwa matuƙa, yawancin hanyar kuwa an riga an wuce ta.

Yadda ya yi lissafinsa

Sunan littafin nan na 1878 The Approaching End of the Age, watau ƙarshen zamani da ke gabatowa. A 1886 shi da matarsa suka ƙara wani, Light for the Last Days, watau haske domin kwanakin ƙarshe. Tushen lissafinsu shi ne, kwana ɗaya cikin annabci yana matsayin shekara ɗaya. Sun ɗauko wannan daga Littafin Lissafi 14:34 da Ezekiyel 4:6.

Ru'ya ta Yohanna ta yi zancen wata 42 da kwana 1,260, watau shekara uku da rabi in an ba kowace shekara kwana 360. Guinness ya mai da su shekara 1,260. Daniyel 4 kuma ya yi zancen lokatai 7 da za su wuce a kan Nebukadnezzar. Bakwai sau 360 ya zama 2,520. Ya ce wannan shi ne tsawon zamanan al'ummai da Ubangiji ya ambata a Luka 21:24, watau lokacin da Urushalima za ta zauna ƙarƙashin baƙi. In an fara ƙidaya daga 604 kafin haihuwar Kristi, farkon sarautar Nebukadnezzar, za a sauka a 1917. In an fara daga 598, a sauka a 1923. In kuwa daga 587 ne, shekarar da aka rushe haikali, a sauka a 1934.

Bai tsaya nan ba. Shi masanin taurari ne, har an karɓe shi cikin ƙungiyar masana taurari ta Ingila. Ya san abin da kowane mutumin ƙasar nan ya sani, cewa shekarar wata ta gaza shekarar rana da kwana 11. Ya ɗauki kwana 1,335 na Daniyel 12:12, ya ƙidaya su shekarun wata daga Hijira a 622, suka sāke kawo shi 1917. Domin haka ya rubuta tun 1886 cewa 1917 za ta zama babbar shekara ga Urushalima da Yahudawa.

Ya san labarin William Miller na Amurka, wanda ya bi wannan hanya ta kwana a matsayin shekara. Mabiyan Miller sun sa ran Ubangiji zai zo ran 22 ga Oktoba 1844, waɗansu har suka bar amfanin gonarsu ba su girbe ba, gari kuwa ya waye musu cikin kuka da kunya. Saboda wannan Guinness bai sa ranar zuwan Kristi ba. Ya ce shekarun da ya nuna matakai ne na ƙarewar zamanan al'ummai. Duk da haka ya gaskata matuƙa tana bakin ƙofa.

Akwai wani abu kuma da ba za mu ɓoye ba. Kamar Furotesta da yawa na zamaninsa, ya ɗauka cewa gadon sarautar Paparoma shi ne magabcin Kristi, ya ga ƙwace birnin Ruma daga hannun Paparoma a 1870 cikar annabci ce. Ya kuma fassara ƙafewar kogin Yufiretis a Ru'ya ta Yohanna 16:12 a kan raunanar daular Turkawa. Ya yi rubutu da zafi a kan Katolika da Musulmi. A nan ba mu bi shi ba. Ya karanta labarun zamaninsa ya sa su cikin ayoyin, kamar yadda kowace tsara ta kan yi da abokan gābanta. Mu da mu ke zama gari ɗaya, kasuwa ɗaya, da Katolika da Musulmi, sai mu yi hankali ƙwarai kafin mu liƙa wa maƙwabci sunan dabbar da ke cikin wahayi.

Mutuwa ta shiga gida

Zancen tashin matattu bai tsaya a kan takarda ba a gidan nan. Suna zaune a Harley House, ciwon maƙogwaro mai kisa ya shiga gidan, ya ɗauke ƙananan 'ya'yansu mata biyu kusan lokaci ɗaya. Daga Kwango kuma wasiƙu suna ta zuwa da labarin mutuwar samarin da suka ci abinci a teburinsu. Daga baya Fanny ta kamu da shanyewar jiki, ta yi shekaru cikin rashin ƙarfi, ta mutu a 1898.

A bakin kabari ba a tambaya ko tashi ɗaya ne ko biyu. Abin da mai makoki ya ke so ya sani shi ne, ko zai sāke ganin nasa. A kan wannan kuwa Yustinu da Agustin da Edwards da Darby da Guinness bakinsu ɗaya ne: Kristi ya tashi cikin jiki, zai dawo a bayyane, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Bulus ya rubuta 1 Tassalunikawa 4:13-18 domin ta'aziyyar masu makoki, ya kuma rufe 1 Korintiyawa 15 da gargaɗi a tsaya da ƙarfi cikin aikin Ubangiji. Haka gidan Guinness suka yi. 'Ya'ya huɗu da suka ragu wa Fanny duka sun shiga aikin bishara. Harry, likita, ya ɗauki nauyin makarantar da aikin Kwango. Geraldine ta tafi Sin, ta auri ɗan Hudson Taylor. Whitfield, shi ma likita, ya yi aiki a Sin har mutuwarsa a 1927. Ta huɗun ita ce Lucy, ta wurinta ne labarin ya iso gare mu.

Hanya zuwa Binuwai

A zamanin nan Turawa su kan kira dukan ƙasashen da ke kudu da Hamada, tun daga kogin Kwara har kogin Nilu, da sunan Sudan. Guinness ya daɗe yana kira a kai bishara can. A 1900 Lucy ta auri wani saurayi Bajamushe mai suna Karl Kumm a birnin Alƙahira, suka fara aiki a Aswan, a kudancin Masar, da nufin shiga Sudan ta gabas. Wannan hanya ba ta ɓulle musu ba, sai suka koma Ingila suka kafa ƙungiya a 1902, wadda a 1904 aka sa mata suna Sudan United Mission, watau S.U.M. A shekarar nan mutum huɗu suka taso: Kumm, da Likita Bateman, da John Burt, da Lowry Maxwell. Suka hau Kwara da Binuwai, suka kafa zango a Wase.

Lucy ba ta ga ƙasar da ta yi wa wahala ba. Ta mutu a Amurka a 1906, tana da shekara 41, bayan ta ƙarasa rubuta littafi a kan zaluncin da a ke yi wa mutanen Kwango saboda roba. Domin tunawa da ita aka gina gidan 'yantattun bayi a Rumasha, wadda a ke kira Umaisha, a bakin Binuwai, cikin ƙasar Toto ta Jihar Nasarawa ta yanzu. Aka buɗe shi a 1909, aka kawo yara daga gidan gwamnati na Zungeru, yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi. Daga baya aka mai da gidan Wukari. Daga cikin yaran nan aka sami malamai da masu bishara.

Kumm ya yi ta yawo yana kafa rassan ƙungiyar a ƙasashe dabam dabam. Reshen Afirka ta Kudu ne ya kama aiki a wannan yanki, a Keana, da Randa, da Wana, cikin Alago, da Mada, da Eggon, da maƙwabtansu. Daga aikin nan ne Ekklesiyar da a ke kira E.R.C.C. ta fito, mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga. A Randa kuma aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan a 1955, wadda ta zama TEKAN. Masu aikin nan ba dukansu ne suka yarda da lissafin Guinness ba. Waɗansu na gefen Agustin ne, waɗansu na gefen Darby. Amma suka yi aiki tare, suka binne juna, suka bar mana Ekklesiya.

Ƙarshen kwanakinsa, da abin da ya biyo baya

A 1903 Guinness ya sāke aure, ya auri Grace Hurditch, suka yi shekaru suna zaga duniya yana wa'azi, ko da ya ke ya tsufa. Ya mutu a garin Bath a Ingila ran 21 ga Yuni 1910, yana da shekara 74, daidai lokacin da babban taron mishan na duniya ya ke zaune a Edinbara.

Bayan shekara 7, ran 2 ga Nuwamba 1917, gwamnatin Ingila ta yi sanarwar Balfour, ta alkawarta wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. Ran 11 ga Disamba Janar Allenby ya shiga Urushalima da ƙafa, mulkin Turkawa na shekara 400 ya ƙare. Shekarar Hijira ta 1335 kuwa ta faɗa cikin 1916 da 1917. Masu karanta littattafansa suka yi mamaki ƙwarai, da yawa suka ce lissafin ya tabbata. A 1923 aka kafa jamhuriyar Turkiyya, suka ƙara ƙarfafa. Amma 1934 ta zo ta wuce, zamanan al'ummai ba su ƙare ba, Ubangiji bai zo ba.

Yaya za mu auna wannan? Gaskiya ne ya ambaci 1917 tun da sauran shekara 31. Amma sai mu tuna yana da irin shekara uku da ya ke aunawa da su, ta rana, da ta wata, da mai kwana 360, yana kuma da mafarai da yawa. Maharbin da ya saki kibiya ashirin cikin garke, ba abin mamaki ba ne in ɗaya ta sami nama. Ban da haka, a Littafin Lissafi da Ezekiyel, Allah da kansa ya faɗi cewa kwana yana matsayin shekara, amma bai faɗi haka a Daniyel 4 ba, inda zancen haukan sarki ɗaya a ke yi. Tun daga lokacin waɗansu sun sāke gwadawa. An sa 1988, an sa ran 21 ga Mayu 2011, dukansu sun wuce, sun bar masu bi da kunya a gaban maƙwabtansu. Idan mutum mai ilimi da tsoron Allah kamar Guinness bai iya gano lokacin ba, kada mu yi saurin gaskata mai ƙasida.

Lissafinsa ya tsufa, kaɗan ne su ke karanta shi yanzu. Amma ɗaliban da ya horar, da 'ya'yan da ya goya, da hanyar da ta bi ta Wase da Rumasha da Keana, amfaninsu yana nan, mu ne shaidu. Sa'ad da almajirai suka tambayi Ubangiji a kan lokacin mulki, a Ayyukan Manzanni 1:6-8, ya hana su sanin lokaci, ya ba su aikin shaida har iyakar duniya. Guinness ya yi ƙoƙari a kan abin da aka hana, ya kuma yi biyayya ga abin da aka umarta, na biyun ne ya dawwama. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya. Ranar Ubangiji za ta zo a kan lokacinta, bawan da za a yaba wa kuwa, bisa ga Matta 24:45-47, shi ne wanda aka tarar yana ba mutanen gida abincinsu. Bari kowa ya bincika sura ta 20 da himma, ya riƙe abin da ya gani da tawali'u, kada kuwa ya ƙi cin Jibin Ubangiji da ɗan'uwansa saboda shekara dubu.

Tambayoyi domin aji

1. Ku faɗi ra'ayi uku a kan shekara dubu, kowa da bakinsa. Wanda ya riƙe ɗaya, bari ya bayyana na ɗan'uwansa, har ɗan'uwan ya yarda an faɗi nasa daidai.

2. Ku gwada Ru'ya ta Yohanna 20:4-6 da Yohanna 5:24-29. Ina suka yi kama, ina suka bambanta?

3. Waɗanne abubuwa ne dukan masu bi suka yarda da su a kan zuwan Kristi da tashin matattu? Wanne ne za ku faɗa wa uwar da ta binne ɗanta?

4. Idan baƙo ya zo majami'arku ya ce ya san shekarar matuƙa, da waɗanne ayoyi za ku amsa masa, da wane irin hali kuma?

5. Begen zuwan Ubangiji ya sa Guinness ya aiki ma'aikata. Wane ƙauye ko unguwa ce kusa da ku inda ba a ji bishara sosai ba tukuna, me ajinku zai yi kafin ƙarshen wannan shekara?